Yaushe jemagu ke fitowa, kuma a ina ya kamata mai kallo ya tsaya?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya aiko ita ce: akwai wani tsohon gini kusa da shi da kowa ya san jemagu na yini a cikin rufinsa. Kwana uku a jere yana zuwa bayan duhu ya soma, da tocila a hannu, don ya ga irin fitowar da yake gani a bidiyo, amma ban da inuwa biyu ko uku da suka gifta bai ga komai ba. Lokaci ya kuskure ko wuri? Kuma akwai haɗari idan mutum ya tsaya kusa da su?

Malam, duka biyun ka kuskure, ka kuma ƙara da na uku, wato tocilar nan. Kada ka damu, ni ma da haka na fara. Lokacin da na soma aikin ƙidayar jemagu, an ajiye ni a bayan wani gini aka ce in ƙirga duk wanda ya fito. Na duba inda ya fi mini daɗin zama, na jingina da bishiya, na ba yamma baya. Da aka tashi, abokin aikina da ke ɗaya gefen ya cika takardarsa, tawa kuwa fara fat, ban tsira da komai ba sai cizon sauro. Jemagun ta saman kaina suka yi ta wucewa, amma abin da ke bayansu bango ne mai duhu da ganye. Baƙi a kan baƙi, ido bai da abin kamawa.

Kafin maganar wurin tsayawa, bari in fara da abin da ke sa jemage ya fito a lokacin da yake fitowa, don in ka riƙe wannan, sauran kai da kanka za ka iya lissafa shi. Da yamma jemage yana tsakanin yunwa da tsoro ne. Ya yini bai sa komai a cikinsa ba, ga shi da ƙaramin jiki mai saurin ƙona abinci, ga tashi kuma aiki ne mai cin ƙarfi. Ƙananan ƙwari masu tashi, irin su sauro da ƙudajen bakin ruwa, sun fi cika iska daidai faɗuwar rana, daga nan sai su yi ta raguwa yayin da dare ke ƙara sanyi. Ciki na ce masa ya fita yanzu kafin a cinye kasuwa. Amma muddin da sauran haske a sama, shaho na gani sarai, kuma jemagen da ya fito da wuri shi kaɗai ya zama ɓagas. Kowane irin jemage da inda ya tsayar da wannan ciniki.

Masu dogayen fikafikai sirara, waɗanda ke gudu a sararin sama, su ne masu fitowa da wuri, don suna da saurin da za su tsere. Masu gajerun fikafikai masu faɗi, waɗanda ke shawagi a hankali cikin rassa, sai duhu ya kankama. A Turai, inda aka daɗe ana bin wannan da agogo, babban jemagen da ake kira noktul yakan fito daidai faɗuwar rana, wani lokaci ma kafin ta faɗi, har ka gan shi yana kiwo can sama tare da tsattsewa. Ɗan ƙaramin pipistirel, wanda nauyinsa kamar giram 5 ne, yakan jira kamar minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwarta. Jemagen Daubenton, mai shafar saman ruwa yana tsintar ƙwari da ƙafa, yana biyo bayansu. Mai dogon kunne kuwa yakan kai kusan awa guda, kuma ba ya asarar komai da jiran, tunda shi asu yake tsinta a jikin ganye ta hanyar sauraron motsinsa, abincinsa ba ya ƙarewa da shigar dare. Duk inda ka je a duniya za ka tarar da wannan jeri ko da sunayen sun bambanta: masu gudu a gaba, masu sanɗa a ƙarshe.

Ko iri ɗaya ma ba kullum yake riƙe lokaci ɗaya ba. Uwa mai shayarwa takan fito da wuri fiye da yadda ta saba, domin a dare ɗaya tana iya buƙatar ƙwarin da ya haura rabin nauyin jikinta, yunwa ta rinjayi tsoro ke nan. A jihar Teksas ta Amurka an lura cewa a shekarun fari, lokacin da ƙwari suka yi ƙaranci, jemagun kogo kan fito rana na sama sosai. Hadari mai duhu yana sa su fito da wuri. Ruwan sama mai ƙarfi da iska mai kaɗawa kan hana ta ko su jinkirta ta, haka ma sanyi: a ƙasashe masu hunturu, in zafin iska ya sauka ƙasa da digiri 10, ƙwari sun kwanta, jemagu ma ba su ga dalilin wahalar da kansu ba. Yammacin da ya fi dacewa shi ne mai ɗumi, mara iska, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa.

To, kai da kake zuwa bayan duhu ya soma, mai yiwuwa ƙarshen layi kake tararwa. Ka duba lokacin faɗuwar rana na wannan ranar, ka isa wurin da rabin awa kafinsa, ka zauna. Ka kuma tuna cewa tsawon almuru ya danganta da inda kake a doron ƙasa. Kusa da tsakiyar duniya, daga faɗuwar rana zuwa duhun da ido ke fara gazawa bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, alhali can arewa mai nisa a lokacin bazara hasken yakan ja jiki ya daɗe. In kana inda almuru gajere ne, jinkirin minti goma ya isa ya sa ka rasa rabin abin.

Wurin tsayawa kuwa da rana ake neman sa. Je ka zagaya ginin da hantsi ka duba gindin bango, bakin taga da ƙarƙashin indararo. Abin da kake nema kashinsu ne, 'yan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi kamar na ɓera. Ga yadda ake bambance su: ka sa ɗan tsinke ko takarda ka danna ɗaya. Na ɓera yana da tauri, ko ya lotse in ɗanye ne. Na jemage mai cin ƙwari rugujewa yake ya zama gari, kuma in ka karkata shi ga rana za ka ga yana ɗan ƙyalli, ɓurɓushin fikafikai da ɓawon ƙwarin da ya ci ne. Daga nan ɗaga kai sama daidai inda kashin ya taru. Sau da yawa za ka ga wata 'yar tsaga da gefenta ya yi baƙi-baƙi da maiƙon jikinsu. Mutane kan nemi babban rami, alhali ƙaramin jemage na shigewa tsagar da babban yatsanka ma da ƙyar zai shiga. Wannan ita ce ƙofar.

Da yamma sai ka zaɓi inda ƙofar, ko gefen rufin da za su bi, zai kasance tsakaninka da sararin yamma, inda jan shafaƙi ke daɗewa. Ka zauna ƙasa-ƙasa don sama ta zama bango a bayansu. Kada ka tsaya a gaban ƙofar kai tsaye, ka koma gefe, taku goma ko fiye. In akwai tafki ko kogi kusa, ruwa ma yana riƙe hasken sama, kuma jemagu da yawa wurin shan ruwa suke fara nufa, su sha a guje ba tare da sun sauka ba. Jerin bishiyoyi ko shinge shi ne titinsu, domin ƙananan ba sa son tsallaka fili tsirara.

Tocila kuwa ka bar ta a aljihu sai za ka tafi gida. Laifinta biyu ne. Na farko, jemage da haske yake auna lokacin fita, in ka haske ƙofarsa sai ya ɗauka da sauran rana ya ƙi fitowa, ka jawo masa asarar lokacin da abinci ya fi yawa. In uwa ce mai jariri, wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Na biyu, kanka kake makantarwa. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallo ɗaya ga fuskar waya yana rushe wannan. In dole sai ka rubuta wani abu, jan haske mara ƙarfi ya fi sauƙi, shi ma a takarda za ka haska. A kogon Carlsbad da ke jihar New Mexico ta Amurka, inda ake tara jama'a a zaune a bakin kogo don wannan kallo, hana amfani da kyamara da waya ake yi gaba ɗaya lokacin fitowar.

In ka zauna shiru, kunnenka zai riga idonka. Kafin kowa ya fito za ka ji ƙananan tsuwa da ƙyas-ƙyas daga cikin rufin, kamar ana murza busasshen ganye. Wannan hirarsu ce ta junansu, kuma kunnen mutum na iya kama ta. A bakin kogo za ka ga wasu suna zuwa dab da ƙofa su kewaya su koma, su sake dawowa, suna ɗanɗana hasken. Sai can ɗaya ya faɗo. Faɗowa ce kuwa, domin yawancinsu sakin jiki suke yi daga tsagar su yi ƙasa kaɗan kafin fiffike ya kama iska, shi ya sa wanda ya kafa ido sama da rufin yake rasa su. Bayan na farko akan yi ɗan tsit, har ka ce shi ke nan, sai biyu, sai biyar a jere, sai tsit kuma. Mu masu ƙidaya muna riƙe ɗan abin dannawa a hannu don kada ido ya bar ƙofar, kuma ba ma tashi sai an yi kamar minti goma babu wanda ya fito.

A nan zan rage maka buri kaɗan. Rufin gini yakan ɗauki jemagu gommai ne ko 'yan ɗaruruwa. Baƙin hayaƙin nan da kake gani a bidiyo yana murɗawa a sama daga wurare ƙalilan ne a duniya. Mafi shahara ita ce gadar Congress Avenue a birnin Austin na jihar Teksas. Da aka sake gina ta a 1980, sai aka bar wasu dogayen tsagogi a ƙarƙashinta waɗanda, ba da niyyar kowa ba, suka dace da jemagen Meziko mai sakakkiyar jela. Suka cika wurin, mutanen gari suka firgita har ana kiran a kashe su. Masanin jemagu Merlin Tuttle, wanda ya kafa ƙungiyar kare jemagu ta Bat Conservation International a 1982, ya kai ta Austin a 1986, ya yi ta wayar da kan jama'a. Yau adadinsu kan kai kusan miliyan ɗaya da rabi a ƙarshen bazara, bayan 'ya'yan da aka haifa a watan Yuni sun fara tashi, kuma a wannan lokacin mutane cika gadar suke yi kowace yamma. Kusa da San Antonio kuma akwai kogon Bracken, inda ake ƙiyasta sama da miliyan 15. Fitowarsu kan ɗauki sa'o'i, suna juyawa a bakin kogon kamar guguwa kafin su miƙe, kuma yawansu ya kai na'urar rada ta masu hasashen yanayi tana nuna su kamar zoben hadari yana buɗewa. Irin wannan jemagen yana hawa har kusan mita 3,000 yana tarar asun da iska ke ɗauke da shi zuwa gonaki.

A kogon Deer da ke gandun Gunung Mulu a Sarawak ta Maleshiya, jemagun fita suke yi rukuni-rukuni, kowane rukuni kamar dogon zare yana lanƙwasa a sama. Wannan cunkoso ma tsoro ne ya haife shi: in kana cikin dubu ɗari, da wuya a ce kai shaho zai ɗauka. Akwai wani shaho, a Afirka kudu da Sahara da kudu maso gabashin Asiya, da kusan duk abincinsa jemage ne. Yini yake a zaune a reshe kamar ba shi da aiki, sai almuru ya yi ya tashi, ya fizgi jemage da ƙafa, ya kai baki ya haɗiye shi ɗungurungum yana cikin tashi, ya juyo neman na gaba, domin ɗan wannan lokacin ne kaɗai kasuwarsa ke ci. In ka taɓa ganin layin jemagu ya tsage biyu farat ɗaya ya sake haɗewa, duba gefen, akwai mai farauta.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na masu cin ƙwari ne. Jemagu sun haura iri 1,400, kuma manyan nan masu cin 'ya'yan itatuwa, masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo da manyan idanu, lissafinsu daban. Yawancinsu a fili suke yini, reto a rassan manyan bishiyoyi, da hayaniyar da ba ta ɓuya, kuma da ido da hanci suke neman hanya. Kallonsu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: tun rana ba ta faɗi ba za ka ga bishiyar ta fara motsi, ana miƙa, ana faɗa, wasu na tashi su kewaya su dawo, sannan su ɗunguma da bugun fiffike a hankali kamar hankaki. Taronsu mafi girma da aka sani yana gandun Kasanka a Zambiya, inda daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba miliyoyin jemagu masu launin kara ke sauka a wani ɗan kurmin fadama, har rassa na karyewa don nauyi. Waɗannan su ne ake yi wa sharrin cewa ta baki suke kashi. Abin da ake gani tofi ne: jemagen yakan tauna ɗan itace, ya matse ruwan ya haɗiye, ya furzar da tuƙar. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ɗan itacen kuma yakan haɗiye su ya kai su nesa ya zubar, kuma da haka daji ke samun sababbin bishiyoyi.

In kallon ya shiga ranka, akwai na'urar da za ta ninka maka daɗinsa. Masu cin ƙwari da amsa-kuwwa suke gani: su yi ƙara, su saurari dawowarta. Tun a shekarun 1790 Lazzaro Spallanzani a Italiya ya gano cewa jemagen da ba ya gani yana tashi lafiya lau, wani masani a Janeba mai suna Jurine kuma ya nuna cewa in aka toshe masa kunne sai ya yi ta karo. An shafe kusan shekara 150 ba a san dalili ba, sai da Donald Griffin, yana ɗalibi a jami'ar Harvard ta Amurka a 1938, ya kai jemagu gaban na'urar da ke kama sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum. Kunnenmu yana tsayawa ne a wajen kilohaz 20 (kilohaz ma'aunin kaifin sauti ne), yawancin jemagu kuwa sama da haka suke kira. Na'urar sauraron jemage, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana sauko da wannan sauti inda za ka ji shi. Noktul yana wajen kilohaz 20 zuwa 25, pipistirel na gama-gari 45, ɗan'uwansa kuma 55, kuma wannan bambancin murya na cikin abin da ya sa aka gane a shekarun 1990 cewa iri biyu ne, ba ɗaya ba. Abin da na fi so a ji shi ne lokacin kamu. Jemage na tafe yana tak, tak, tak, da ya hango ƙwaro sai kiran ya yi ta matsewa har ya kusa 200 a daƙiƙa ɗaya, ya zama kamar an ja zif da sauri, sai ɗif. Wannan ɗif ɗin, bakinsa ne a cike. Yara kan ji wasu kiraye-kirayen da kunnensu kawai, mu da shekaru suka ja sai da na'ura.

Saura maganar haɗari. Tsayawa a waje kana kallo ba ya cutar da kai. Jemagen da ya yi kamar zai faɗo maka a ka sauron da ya taru a samanka yake bi, kuma dabbar da ke kama sauro a duhu ba za ta yi karo da kan mutum bisa kuskure ba. Masu shan jini iri uku ne kacal, dukansu a nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa kudu. Haɗarin gaske yana wurin taɓawa da wurin shiga. Jemage na iya ɗaukar ƙwayar ciwon haukan kare da danginta. Kaɗan ne daga cikinsu ke da ita, amma wanda ka tarar a ƙasa da rana, ya kasa tashi, ya fi zama abin zargi, kuma shi ne yara ke ɗauka. Kada a taɓa shi da hannu tsirara. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da ba a ga jini ba, domin haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar riga-kafi. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Shiga kogo ko cikin rufin da suke kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Ƙurar tsohon kashinsu na iya ɗauke da wani naman gwari mai kama huhu. A wasu kogunan Afirka jemagen 'ya'yan itace na Masar yana ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, kuma a 2008 wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta rasu bayan ta shiga wani kogon jemagu a dajin Maramagambo na Yuganda. Cutarwar kuma tana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, in aka firgita iyaye a lokacin goyo, jarirai na faɗowa ko a gudu a bar su. A Amurka ta Arewa wani naman gwari mai sa farin hanci, wanda aka fara gani a jihar New York a 2006, ya kashe miliyoyin jemagu, kuma takalma da kayan masu shiga kogo na iya kai shi daga wannan kogo zuwa wancan. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, damun jemage a maɓoyarsa ko toshe masa ƙofa laifi ne a doka.

In ka gwada yamma biyu yadda na ce, har yanzu ba ka gane ƙofar ba, juya abin: zo da asuba, kamar awa guda kafin fitowar rana. Da yamma jemage fita yake kamar harsashi, daƙiƙa ɗaya ya ɓace. Da asuba kuwa ba ya shiga kai tsaye. Yakan zo ya taɓa bakin tsagar ya koma, ya kewaya, ya sake taɓawa, wasu su taru su yi ta zagaye a gaban ƙofar na mintuna, ga haske na ƙaruwa maimakon raguwa, har ka iya ganin kunnuwansu da yatsun da ke cikin fatar fiffike. Ka sa wa wurin alama a ranka, ka lura da kusurwar da ta sa shi tsakaninka da yamma, da magariba ka dawo ka zauna a nan.